Neman Sabon Aiki Bayan Shekaru A Kujera Ɗaya: Me Ya Sauya, Me Ke Nan Daram?

Magana biyu ce ta fi yawo a bakin ma'aikatan da suka shekara goma sha biyar ko ashirin a wuri guda, sannan wani dalili ya fito da su neman sabon aiki. Wasu na cewa yanzu kwamfuta ce ke karanta takardun masu nema, tana watsar da su tun kafin idon ɗan Adam ya kai kansu. Wasu kuma na cewa duk tallan guraben aiki rufa ido ne, an riga an raba tun a ɗaka, wanda ba shi da hanya ya haƙura. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya, amma kowace an yi mata ƙari, kuma dukansu suna kashe gwiwar mutanen da ke da ƙwarewar da ake nema. Abin da ya sauya da gaske shi ne irin hujjar da ake buƙata. A da, daɗewa a aiki da shaidar waɗanda suka san mutum sun wadatar. Yanzu ana son ganin ƙwarewar a rubuce, a fasalin da baƙo zai iya aunawa cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya daɗe a wuri ɗaya shi ne ya fi ƙarancin sabo da rubuta kansa.

Kalmomin da ya kamata a sani

Takardar CV ita ce taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum, a shafi biyu ko uku. Ta bambanta da wasiƙar neman aiki, wadda ke bayyana dalilin da ya sa mai nema ya dace da wannan gurbi musamman. Fotal shi ne shafin intanet da ma'aikata ko kamfani ke buɗewa domin a cike bayanai a ɗora takardu. A bayan fotal akwai manhajar tantance masu nema, wadda ma'aikatan sashen ɗaukar aiki ke kira ATS. Aikinta shi ne ta karɓi takardu, ta tsamo suna da karatu da shekarun aiki ta zuba su a gurabe, ta ba jami'i damar bincikawa da tacewa. Workday da Taleo da SuccessFactors na cikin sanannu. Kalmomin bincike su ne sunayen ƙwarewa, manhajoji ko takardun shaida da jami'i ke rubutawa domin ya zaƙulo waɗanda suka ambace su. Jerin zaɓaɓɓu kuwa su ne 'yan kaɗan da suka tsallake zuwa intabiyu, wato ganawar da ake yi wa mai nema tambayoyi, ido da ido ko ta bidiyo a Zoom ko Teams. Akwai kuma kamfanonin dillancin ma'aikata, masu ɗaukar mutum da sunansu su tura shi ya yi aiki a banki ko kamfanin sadarwa a matsayin ma'aikacin kwantiragi.

Daga jarida zuwa fotal

Wanda ya kama aiki a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon 2000 ya san wani tsari daban. Ana ganin talla a New Nigerian ko a The Guardian ta ranar Talata, a rubuta wasiƙa da hannu, a haɗa da kwafin satifiket, a aika ta gidan waya ko a kai ofis da ƙafa. Wahalar aikawa da kuɗin kan sarki sun isa su rage yawan masu nema, don haka jami'i na iya karanta kowace takarda.

Intanet ta rushe wannan shinge. An buɗe LinkedIn a 2003, kuma Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26 da ɗoriya. A Najeriya, ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun kafa Jobberman a 2009. Da neman aiki ya koma latsa waya, sai gurbi ɗaya ya riƙa jawo ɗaruruwa ko dubban takardu, kuma dole aka nemi na'urar da za ta taimaka wajen rarrabewa. A ɓangaren gwamnati, abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014 ya nuna haɗarin tsohon tsari: dubban matasa da suka biya naira 1,000 kowannensu sun cika filayen wasa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, aka yi turmutsutsu a Abuja da wasu birane, aƙalla mutum 16 suka rasu. A shekarun da suka biyo baya, cike fom a fotal da jarrabawa a kan kwamfuta sun zama ruwan dare a hukumomin tarayya. Sauyi na baya-bayan nan ya zo da fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022. Yanzu mai nema na iya sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa wasiƙa cikin minti ɗaya, takardu sun ƙara yawa, sun kuma ƙara kama da juna.

Me ke fito da tsofaffin ma'aikata kasuwa?

Arewa ta sha ganin ma'aikata masu dogon zango sun tsinci kansu a waje rana tsaka. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano sun riƙa rufewa tun daga ƙarshen shekarun 1990. Haɗewar bankuna ta 2005 ta mayar da bankuna 89 zuwa 25. A Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, aka sallami ma'aikatan kamfanin wutar na gwamnati, PHCN, da dama. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, daga baya ta sallame su. A 2025 dakatar da tallafin hukumar USAID ta Amurka ya taɓa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na lafiya, musamman a Arewa maso Gabas.

Akwai kuma waɗanda ba a kore su ba, albashin ne ya kasa. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Ma'aikacin da ƙarin albashinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, ko ma ba ya zuwa, ya ga cewa zama wuri ɗaya na cinye masa rufin asiri. Sai masu ritaya: dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa, don haka wanda ya kama aiki yana ɗan 20 zai fita yana ɗan 55, da sauran ƙarfi da 'ya'ya a makaranta.

Inda daɗewa ke zama cikas

Cikas na farko shi ne sunan muƙami. Mutum na iya shekara goma sha biyu ana kiransa jami'in mulki, alhali a cikin shekarun ya riƙe sito, ya shirya albashi, ya horar da sababbin ma'aikata, ya wakilci ofis a gaban masu binciken kuɗi. Idan CV ɗinsa ta nuna layi ɗaya tak da muƙami ɗaya, mai karantawa zai ɗauka shekara ɗaya ce aka maimaita sau goma sha biyu.

Na biyu shi ne harshen cikin gida. Kowace ma'aikata tana da sunayen da take kiran fom-fom da sassa da manhajojinta, waɗanda ba a san su a waje ba. Ma'aikacin gwamnati zai rubuta matakin albashinsa, goma sha biyu ko goma sha huɗu, yana ganin ya gama bayani, amma jami'in kamfani mai zaman kansa bai san nauyin da ke kan matakin ba. Yana son ya ji mutum nawa ke ƙarƙashinsa da kasafin nawa ya riƙe.

Na uku shi ne tarbiyya. An raini Bahaushe a kan kunya da kawaici, da cewa yabon kai jahilci ne. Intabiyun zamani kuwa an gina shi a kan mai nema ya ce ni na yi kaza, aka samu kaza. Wanda ya amsa da "mun yi bakin ƙoƙarinmu, Allah ya taimaka" ya yi maganar mutunci, amma bai ba masu tambaya abin da za su sa wa maki ba. Faɗin aikin da mutum ya yi da adadinsa shaida ce, kuma ana iya bayar da ita ba tare da fankama ba.

Na huɗu shi ne sanayya da ta taƙaita. Wanda ya daɗe a ofis ɗaya yawancin waɗanda suka san aikinsa suna cikin ofishin, kuma idan rage ma'aikata aka yi, tare aka fito da su.

Shin na'ura ce ke yanke hukunci?

A nan ra'ayi ya rabu. Masu zargin manhaja suna da hujjoji. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya jingine wata manhajar gwaji ta tantance CV bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda ta koyi aikinta ne daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne. A 2023 kamfanin koyarwa na iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 a Amurka, bayan an zarge shi da saita manhajarsa ta riƙa ƙin mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Wani bincike da Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta fitar tare da kamfanin Accenture a 2021 ya samu cewa kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun yarda cewa ana tace ƙwararrun mutane a waje don kawai ba su dace da sharuɗɗan talla kalma da kalma ba.

Jami'an ɗaukar aiki kuma suna cewa an ɗora wa manhajar laifin da ba nata ba. A wajensu rumbun ajiya ce da matata, kuma mutum ne ke saita ramukan matatar. Mafi yawan ƙin da ke zuwa nan take yana fitowa ne daga tambayoyin sharaɗi da ke cikin fom: shekarar haihuwa, matakin digiri, takardar kammala hidimar ƙasa, rajista da ƙungiyar ƙwararru. Wanda ya tsallake waɗannan, takardarsa na nan a rumbu, sai dai jami'in da ke da takardu dubu a gabansa zai bincika da kalmomi, ya duba na sama-sama cikin gaggawa, ya rufe idan ya samu goma da suka yi masa.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna ba. Ko a shari'ar iTutorGroup, mutane ne suka rubuta sharaɗin shekarun. Sannan a Najeriya manyan bankuna, kamfanonin sadarwa da na mai, da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ne suka fi amfani da irin waɗannan manhajoji. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, kamfanonin gine-gine da masana'antun abinci da yawa har yanzu ta imel ko WhatsApp suke karɓar takardu, mutum ne kuma ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Batun shekaru da matsayin doka

Tallan aiki mai cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 28 sananne ne a Najeriya, amma yawanci na sababbin masu digiri ne. Tsohon ma'aikaci ya fi cin karo da wariyar da ba a rubutawa: zaton cewa zai nemi albashi mai yawa, ba zai iya da sababbin manhajoji ba, ko ba zai yi biyayya ga shugaban da shi ma'aikacin ya girme shi da shekara goma ba. Masu kamfanoni na kare kansu da cewa lissafin kuɗi ne. Masu suka na cewa ana yanke wa mutum hukunci da shekarar haihuwarsa kafin a gwada shi, kuma kamfani na asarar wanda ya san yadda ake warware rikici da kauce wa kuskure mai tsada.

Amurka tana da dokar 1967 da ta kare masu shekara 40 zuwa sama, Birtaniya kuma ta sa shekaru cikin dokar daidaito ta 2010. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. A 2023 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya yi kira a daina sa ƙayyadaddun shekaru a tallan aiki, sai dai ƙuduri kira ne, ba ya ɗaure kowa kamar doka.

Hanya da sanayya

Ba a musun cewa ana sayar da guraben aiki ana kuma raba su ga 'yan lele. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu a bainar jama'a kan cinikin gurabe a hukumomin tarayya, har da Hukumar Raba Daidai wadda aka kafa domin tabbatar da adalci tsakanin jihohi. Amma akwai bambanci tsakanin wanda aka cusa ba tare da cancanta ba da wanda tsohon abokin aiki ya ce wa ga gurbi, kuma ya shaide shi. Na biyun halal ne, kamfanoni da yawa ma suna ƙarfafa shi, domin takarda na iya ƙarya, shaidar wanda ya ga aiki da idonsa ta fi wuyar ƙirƙira.

Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin mutanen da ba a cika haɗuwa da su ba fiye da aminai, saboda aminai abin da ka sani shi suka sani. Wani bincike kan mutum miliyan 20 a LinkedIn da mujallar Science ta buga a 2022 ya ƙarfafa wannan. Ga wanda ya daɗe a aiki, wannan albishir ne. 'Yan kwangilar da ya yi hulɗa da su, abokan kwas, ƙananan ma'aikatan da ya horar suka koma wasu wurare suka zama manya, duk dukiya ce da sabon mai digiri ba shi da ita.

Abin da ke hannun mai nema

Aiki na farko shi ne tsinka dogon zangon gida-gida. Ko muƙamin bai sauya ba, a raba shekarun bisa nauyin da aka ɗauka, a kuma rubuta sakamako da adadi na gaskiya: rassa nawa, ma'aikata nawa, kwana nawa aikin ke ɗauka da kwana nawa ya koma. A ba shekaru goma na ƙarshe fili, na farko a taƙaita. A karanta tallan da natsuwa a yi amfani da kalmominsa wajen bayyana abin da aka taɓa yi da gaske. CV mai sauƙin fasali, ba teburori da zane-zane, ta fi karantuwa ga manhaja da mutum. Takarda goma da aka gyara wa kowane gurbi sun fi ɗari da aka watsa iri ɗaya.

Takardun shaida na ƙwararru suna da nauyi saboda sukan zama tambayar sharaɗi: ICAN ko ANAN ga akawu, COREN ga injiniya, TRCN ga malami, CIPM ga jami'in kula da ma'aikata. Gajeren kwas na kwanan nan, ko a kan Excel ne, yana kashe zaton cewa mutum ya daina koyo. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a satifiket da lambar NIN, domin saɓani kaɗan na iya tsayar da fom a fotal ɗin gwamnati.

A intabiyu, tambayoyin sukan zo da siffar a ba da labarin lokacin da aka fuskanci wata matsala. Amsa mai kyau tana faɗin halin da ake ciki, nauyin da ke kan mai magana, matakin da shi da kansa ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. Tambayar me ya sa ka daɗe haka tana nan tafe, kuma amsarta ita ce abin da ya riƙa sauyawa a aikin. Idan ta bidiyo ce, a gwada manhajar tun da wuri, a tanadi caji da data da layi na biyu. Ƙirƙirarriyar basira na iya taimakawa wajen gyara Turanci da atisayen tambayoyi, amma duk abin da ta ƙara wanda mutum bai yi ba zai tonu a tambaya ta biyu.

Haƙƙoƙi da tarkon 'yan damfara

Kafin a bar tsohon aiki, a san abin da doka ta tanada. Dokar Ƙwadago ta wajabta sanarwar wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye, ta kuma ce idan za a rage ma'aikata a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwazo. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da ma'aikatan rubuce-rubuce. Manyan jami'ai da ƙwararru takardar kwantiraginsu ce madogara, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙararsu. Asusun fansho na tsarin da aka fara a 2004 na bin mai shi duk inda ya koma, kuma dokar 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 damar cire kashi 25 cikin ɗari idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba.

Wanda ya fito da kuɗin sallama a hannu da damuwa a zuciya shi 'yan damfara ke nema. Alamominsu sanannu ne: neman kuɗin fom ko na horo, takardar kama aiki ba tare da intabiyu ba, shafin da ya kwaikwayi na hukuma, neman lambar BVN ko lambar sirri da banki ke turowa. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati na ƙarewa da gov.ng, kuma hukumomin kan nanata cewa neman aikinsu kyauta ne.

Abin da ake hasashe

Alamu na nuna cewa tacewa ta na'ura za ta ƙaru, tare da ƙoƙarin sa mata linzami. Birnin New York ya fara tilasta binciken son kai a manhajojin ɗaukar aiki a 2023, dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta sa su cikin rukunin masu babban haɗari, Najeriya kuma ta samu Dokar Kare Bayanai a 2023, wadda ta taɓo hukuncin da na'ura ke yankewa ita kaɗai. A ɗaya gefen, tunda kowa na iya samar da CV mai sheƙi, masu ɗauka na ƙara karkata ga gwajin aiki a aikace da shaidar waɗanda suka san mutum, kuma a waɗannan biyun gogagge ya fi sabon shiga. Haɗarin shi ne yawaitar aikin kwantiragi, inda mai shekara 45 zai samu aiki amma ba tabbas, ba giratuti.

Nauyin ya rabu uku. A kan majalisa akwai cike giɓin da doka ta bari kan wariyar shekaru. A kan masu ɗaukar aiki akwai sake duba sharuɗɗan da suke saita wa manhajojinsu, domin da yawa an gaje su ne ba a taɓa tambayar amfaninsu ba. A kan ma'aikaci kuwa, ko yana ganin kujerarsa ba ta girgiza, akwai rubuta abin da ya cim ma a ƙarshen kowace shekara, sabunta rajistarsa ta ƙwararru, da riƙe zumunci da mutanen sana'arsa da ke wajen ofis. Waɗannan sun fi sauƙin yi tun ana karɓar albashi.